Bini da Zugu: Tarihin Itacen Shinge da Aka So Ya Ja Tirela

Wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kaduna da dare yakan gane ya iso Sabon Wuse da hanci tun kafin ya gani da ido. Daga mahaɗar Dikko har a wuce Tafa, tireloli da tankoki ne jere a bakin titi, wasu a kashe, wasu injin na ta gurnani direba na can wajen mai shayi, hayaƙin gas ya gauraya da na masu tsire. Gas ɗin nan, wanda 'yan boko ke kira dizal, shi ne jinin wannan hanya. Shi ke gangaro da shanu da hatsi da tumatir daga Arewa, shi ke hauro da siminti da fetur daga Kudu. A cikin gari kuma shi ke juya injin niƙa, shi ke ɗaga manyan janaretoci idan an ɗauke wuta, shi ke jan tarakta a gonakin Garam da Ijah. Ranar da litar gas ta tashi, kafin sati ya zagayo mai niƙa ya ƙara kuɗin mudu, mai doya ya ƙara kuɗin ƙwarya.

Idan mutum ya bar kwalta ya shiga ƙauyuka, a nan da sauran ƙasar Neja da Kaduna, zai riƙa cin karo da wani ɗan itace mai kauri da faffaɗan ganye, an jera shi a gefen gona ko bayan gida. Akuya ba ta kula shi, saniya ba ta ko sunsuna shi, shi ya sa ya yi kyau da shinge. Idan ka karya reshensa wani ruwa mai danƙo ke fita. Muna yara mukan tsoma kara a ruwan mu hura, kumfa ta tashi sama muna binta da gudu, manya kuma kan ɗiga shi a kan yanka don jini ya tsaya. 'Ya'yansa idan sun bushe baƙaƙe ne, kowane kwanso uku-uku, kuma idan ka soke su a tsinke ka kunna sai su ci kamar kyandir. Sunansa bini da zugu, wasu su ce cini da zugu. Zugu shi ne farin ƙyallen saƙa da ake suturta mamaci da shi, don haka wanda ya raɗa sunan ya gama gargaɗi a cikin kalma uku: in za ka ci ni, ka tanadi likkafani.

Wannan itace da muka raina, akwai 'yan shekaru da manyan kamfanonin duniya suka ɗauke shi zinariya, suka zuba masa miliyoyin daloli, suka ce shi zai maye gurbin rijiyoyin mai. Amma ba a gindinsa labarin ya fara ba. Da gyaɗa ya fara.

Rudolf Diesel Bajamushe ne, ko da yake a Faris aka haife shi a 1858. A 1897, a garin Augsburg, ya kammala injin da har yau ke ɗauke da sunansa. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin gaske, sai nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Inji mai irin wannan hali ba shi da tsirfa wajen abinci kamar na fetur, kusan duk mai da zai fesu ya ƙone zai iya juya shi. A babban baje kolin duniya da aka yi a Faris a 1900, kamfanin Otto na Faransa ya nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla. Mutane da yawa sukan ce Diesel ya ƙera injinsa ne musamman don man gyaɗa. Ba haka ba ne. Shi da kansa ya ba da labarin a jawabansa na 1912, inda ya bayyana cewa don man ƙasa aka ƙera injin, aka zuba masa na gyaɗa ba tare da an sauya komai ba, kuma ya yi aiki lami lafiya har yawancin 'yan kallo ba su lura ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, saboda tana da ƙasashen mallaka a Afirka inda gyaɗa ke yi sosai, tana so su riƙa samar wa kansu makamashi ba sai an yi musu jigilar kwal ko mai daga Turai ba. Ashe tun ranar farko da mu aka yi lissafin, ba a dai tambaye mu ba.

A wannan shekara ta 1912 ne kuma gyaɗar Kano ta fara hawa jirgin ƙasa da yawa. Layin dogon ya taso ne daga Baro, a bakin Kwara cikin jihar Neja ta yau, ya bi ta Minna da Zariya ya isa Kano a 1911. Turawan Ingila auduga suka sa rai za ta cika taragun, sai manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Daga nan aka samu dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Sai dai ko buhu ɗaya bai tafi don juya inji ba, bakin Turawa da masana'antun sabulunsu ya nufa. Shi kuwa Diesel, a ƙarshen Satumban 1913 ya shiga jirgin ruwa daga Antwerp zai haye Ingila, gari ya waye babu shi a ɗakinsa, teku ta ci shi.

Abu biyu suka hana man tsirrai zama abincin inji. Na farko, man ƙasa ya yi araha ya kuma wadata. Na biyu, kauri. Man gyaɗa ko na bini da zugu ya ninka gas kauri wajen sau goma. Nozul yana so ya fesa mai ya tashi kamar turaren fesawa, shi kuwa mai kauri sai ya fita gudaji-gudaji, ya ƙi ƙonewa duka. Abin da ya rage ya daskare a bakin nozul da zoben fistin, wani ya zurara cikin baƙin mai ya lalata shi. Inji zai yi kwana da kwanaki yana aiki kamar ba komai, sai wata rana ya fara tari da baƙin hayaƙi, bakanike ya buɗe ya tarar da gawayi. Tsofaffin injuna masu tafiya a hankali, irin Lista da ire-irensa na Indiya da ke gidajen niƙa, sun fi haƙuri da mai kauri, musamman idan an ɗumama shi ko an sirka shi da gas. Injin mota na zamani kuwa ba ya yafiya.

Wanda ya fara warware wannan ƙulli a rubuce wani malamin kimiyyar sinadarai ne na Jami'ar Burasels mai suna Chavanne. A ranar 31 ga Agustan 1937 gwamnatin Beljiyam ta ba shi takardar mallakar fasahar sarrafa manja da sinadarin etanol ya koma mai marar kauri. Manjan kuwa, ina za a samo shi in ba Kwango ba, wadda ke hannun Beljiyam a lokacin? A 1938 wata motar bas ta yi ta jigilar fasinja tsakanin Burasels da Leuven da wannan mai. Shi ne abin da daga baya aka raɗa wa suna bayodizal.

Yadda ake yinsa bai fi ƙarfin fahimtar mai dafa sabulu ba, hasali ma rabin ilimin a hannunta yake. Ana ɗumama man zuwa kimanin digiri 60, a narka 'yar sodar sabulu a cikin sinadarin metanol, wanda yawansa kan kai kashi ɗaya cikin biyar na man, a zuba a yi ta juyawa kamar awa guda, sannan a bar shi ya kwanta. Wani abu mai nauyi mai duhu zai koma ƙasa, shi ne gilisarin, wanda dama shi ke riƙe da kaurin. Na sama shi ne bayodizal, a wanke shi da ruwa a busar. Kilo 100 na mai kan ba da kusan kilo 100 na bayodizal da kilo 10 na gilisarin. Matsalar man bini da zugu da na dogon yaro ita ce idan irin ya daɗe a ajiye ko ya sha danshi, man kan yi tsami, kuma mai tsami idan ya haɗu da soda sabulu yake zama. Don haka sai an fara kashe tsamin da asid irin na ruwan batir kafin a sa soda. Idan an yi shi daidai, yana ƙonewa da ƙarancin baƙin hayaƙi, kusan babu farar wuta a cikinsa, yana kuma sa wa famfon inji santsi. Ƙarfinsa bai kai na gas ba, yakan gaza da kusan kashi ɗaya cikin goma, yana cin tsohuwar robar tiyo, kuma a farkon amfani yakan wanko dattin tanki ya toshe filta. Direban da ba a gaya masa wannan ba, rantsuwa zai yi an sayar masa da gurɓataccen mai.

Shi bini da zugu ma baƙo ne a wurinmu, duk da ya daɗe har ya samu sunan gida. Asalinsa ƙasar Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka, Turawan Fotugal suka ɗauko shi a jiragensu, ya bi ta tsibiran Cape Verde da Gini Bisau ya bazu a Afirka da Asiya. Cape Verde ta daɗe tana sayar da irinsa ga masu sabulu a Lisbon da Marseille. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen dakon mai suka daina zuwa, an zuba mansa a injuna a Madagaska da Dahomi da Cape Verde ɗin. Yaƙi na ƙarewa, man ƙasa ya dawo, aka mayar da shi shinge. Wannan ita ce al'adar wannan tarihi daga farko har ƙarshe: ba a tuna man tsirrai sai gas ya yi wuya.

An sake tunawa da shi a 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka tsuke bakin famfo saboda yaƙin Oktoba, farashin ɗanyen mai ya ninka wajen sau huɗu. Ƙasashen da ke saye suka shiga neman mafita. A Birazil, Expedito Parente ya fito da hanyar yin bayodizal a masana'anta, a Afirka ta Kudu aka gwada man furen rana a taraktoci, a Ostiriya aka kafa masana'antun farko daga ƙarshen shekarun 1980. Mu kuwa a wancan lokaci masu sayarwa ne, kuɗi na shigowa kamar ruwan Agusta. Fari da cutar gyaɗa suka haɗu da sakaci, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano kafin shekarun 1970 su ƙare, ba wanda ya yi kuka sosai tunda ga fetur.

Wannan kuɗin man ne ya haifi Sabon Wuse. A 1975 Janar Murtala Muhammad ya naɗa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba batun sabon babban birni, kuma a ranar 3 ga Fabrairun 1976 aka sanar da yanke fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Garin Abuja na asali, wanda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan Haɓen Zazzau sun baro Zariya, ya ba da sunansa ga sabon birni ya koma Suleja. A bakin masu tsarawa, filin nan sabuwar ƙasa ce da ba ta kowa ba. Amma akwai Gwari da Koro da Gade da Gwandara da sauransu a ciki, da gonakinsu da kaburburan iyayensu. Da farko an ce za a kwashe kowa, daga baya aka ga kuɗin diyya ya fi ƙarfin aljihu, a 1978 aka rage abin ga waɗanda ginin birnin ya taka kai tsaye. Mutanen tsohuwar Wuse na cikin waɗanda aka tasa, aka kawo su nan bakin hanyar Kaduna, wurin ya zama Sabon Wuse, yau hedikwatar ƙaramar hukumar Tafa. Inda gonakinsu suke a da, yanzu kasuwar Wuse ce da bankuna. A riƙe wannan magana ta ƙasar da ba ta kowa ba, za ta dawo.

Bayodizal ɗin da Turai da Amurka suka bunƙasa galibi daga mai ne da ake ci, na waken suya da manja da makamantansu. Da farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi a duniya a 2007 da 2008, aka fara nuna wa masu wannan sana'a yatsa. Jean Ziegler, jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin samun abinci a lokacin, ya kira mayar da gonakin abinci zuwa na man mota laifi a kan bil'adama. To ina mafita? Sai aka ce ai ga wani itace da ba a cin 'ya'yansa, irinsa na da mai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, yana jure fari, yana fitowa a ƙasar da ta gaji, ba ya son taki, ƙwari ba sa taɓa shi. Wato mai a banza, daga ƙasar banza.

Zazzaɓin ya kama duniya. Indiya ce kan gaba: a ranar ƙarshe ta 2002 ta gwada jirgin ƙasa daga Delhi zuwa Amritsar da gas da aka sirka da bayodizal, a 2003 kuma hukumar tsare-tsarenta ta zana shirin dasa bini da zugu a hekta miliyan 11. A Myanmar gwamnatin soja ta Than Shwe ta ba da umarnin dasa eka miliyan 8, aka tilasta wa malamai da 'yan makaranta da ma'aikata fita dashe. A 2007 kamfanin mai na BP ya haɗa gwiwa da D1 Oils na Ingila da niyyar dasa hekta miliyan guda. A ranar 30 ga Disamban 2008 wani jirgin sama na Air New Zealand ya tashi da rabin man injinsa ɗaya daga bini da zugu. Kamfanoni suka bazama Tanzaniya da Mozambik da Gana da Habasha suna karɓar filaye.

Najeriya ba ta zauna ba. A 2005 gwamnatin Obasanjo ta umarci NNPC ta buɗe sashen makamashin da ake sabuntawa, a tsakiyar 2007 kuma, farkon mulkin 'Yar'aduwa, aka amince da manufar ƙasa kan man tsirrai. Takardar ta yi kyau a ido: a sirka fetur da kashi 10 na etanol daga rogo da rake, a sirka gas da kashi 20 na bayodizal daga manja da bini da zugu, a yafe wa masu zuba jari haraji na shekara goma. Aka yi ta taruka a otal-otal na Abuja, ƙungiyoyin manoma suka ɓullo, aka raba iri. Cibiyoyin bincike kuwa sun yi nasu: NARICT da ke Basawa a Zariya ta sarrafa man ta gwada, cibiyar binciken noma ta Samaru ta sa itacen cikin amfanin da take nazari, ɗalibai a Minna da Zariya da Kano da Sakkwato suka cika kabad da kundayen digiri a kan dizal ɗin bini da zugu da dogon yaro da zurma. Kimiyyar ba ta ba da kunya ba, man ya juya inji a ɗakin gwaji. Amma yau shekara goma sha da rattaba hannu, ka tsaya a kowane gidan mai daga Zuba zuwa Kaduna ka ce a ba ka gas mai kashi 20 na man tsirrai, kallon mahaukaci za a yi maka.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gaskiya ne bini da zugu yana rayuwa a ƙasar da ta gaji, amma rayuwa daban, haihuwa daban. A busasshiyar ƙasa ba taki sai ya zubar da ganye ya tsaya yana kallonka. Masu talla sun yi alkawarin tan biyar zuwa sama a kowace hekta, manoma da yawa ko tan ɗaya ba su gani ba. Itacen daji ne da ba a taɓa zaɓen irinsa an gyara ba kamar yadda aka yi wa masara, wannan gindi ya yi 'ya'ya, na kusa da shi ya ƙi. Da aka tara shi fili guda, ƙwari da cututtukan da aka ce ba sa taɓa shi suka same shi. 'Ya'yan ba sa nuna tare, a reshe ɗaya ga kore ga rawaya ga baƙi, dole a yi ta zagaye ana tsinka da hannu, kuma a daidai lokacin da manomi ke fama da girbin abincinsa. Sai babbar illa, wadda duk matar da ke matsar gyaɗa za ta gane nan take. Ribar mai matsar gyaɗa ba a mai kaɗai take ba, tana cikin tunkuza da ƙuliƙuli. Tunkuzar bini da zugu guba ce, ba mutum ba dabba, iyakarta taki. Kashi biyu cikin uku na abin da ka tsinko da guminka ke nan ba shi da kasuwar kirki.

Sai kamfanonin suka gane cewa in ana son 'ya'ya sai an ba itacen ƙasa mai kyau da ruwa, wato ƙasar da ake noma abinci, abin da aka ce an guje wa tun farko. Ƙasar banzan da ake faɗa kuwa, da aka je sai aka tarar makiyaya ce, ko wurin itacen girki, ko saura da aka bari ta huta. A gundumar Kisarawe ta Tanzaniya, kamfanin Sun Biofuels ya karɓi hekta wajen 8,000 daga ƙauyuka goma sha ɗaya, a 2011 ya durƙushe, ma'aikata suka rasa aiki, ƙauyawa kuma filin bai dawo hannunsu ba. BP tun 2009 ya sayar da kasonsa ya kama gabansa. A Indiya, sirkin da aka ce zai kai kashi 20 ya shekara da shekaru bai kai kashi ɗaya ba. Dattijon Sabon Wuse da aka ɗora wa kayansa a mota aka raba shi da tsohuwar Wuse ba ya bukatar a fassara masa abin da ya sami mutanen Kisarawe. A ganina sa'a ce muka yi da shirin namu ya tsaya a takarda kafin ya kai ga filayen mutane.

Inda abin ya ɗan yi ma'ana shi ne Mali, kuma dalilin a fili yake: can ba a ce wa itacen ya bar aikinsa na shinge ba. Tun 1987 hukumar raya ƙasashe ta Jamus, a wani aiki ƙarƙashin wani masani Reinhard Henning, ta lura cewa manoma sun riga sun kewaye gonakinsu da dubban kilomitoci na wannan shinge don tsare dabbobi da zaizayar ƙasa. Sai aka ce mata su tsinci irin, a matse, su yi sabulu da wani, wani a zuba a injin niƙa da famfon ruwa na ƙauye, tunkuzar ta koma gona. A garin Garalo da ke kudancin ƙasar, ƙungiyar Mali Folkecenter ta kafa janaretoci masu ƙarfin kilowat 300 da za su iya shan man kai tsaye, garin ya samu lantarki a 2007. Ko a can ɗin ma irin bai wadatar ba, sau da yawa gas ne ya riƙe wutar. Abin da ya fi daɗewa shi ne mafi ƙanƙanta, sabulun mata da shingen da ya rage rigima tsakanin manomi da makiyayi.

Ba bini da zugu kaɗai ke da man da ba a ci ba. Ga dogon yaro, darbejiya ko maina ko bedi, kowa da yadda garinsu ke kiransa, wanda aka shigo da shi Borno a 1928 ya mamaye Arewa, a Nijar ma aka yi katangar iska da shi a kwarin Maggiya. Shi ba sai an dasa ba, 'ya'yansa zuba suke a titunan Katsina da Maiduguri ana sharewa. Sai dai mansa ya fi daraja a maganin ƙwari da sabulu fiye da a tanki. Haka zurma, wadda cibiyar bincike ta Badeggi a nan jihar Neja ke aiki a kanta. Birazil ta gwada a 2004, zamanin Lula, ta ce talakawan arewa maso gabashinta su noma zurma don bayodizal, sai ga shi man ya cika kauri, masana'antun sinadarai kuma suna biyan kuɗin da ya fi, shirin ya ƙare a kan waken suya na manyan gonaki. A Turai suna tattara man da aka gama suya da shi su sarrafa. Wannan kam ba da mu ba, mai ƙosai ba ta zubar da mai, ƙari take yi a kai.

Yanzu gas ya sake yin wuya, don haka maganar ta sake tasowa. Shi dama an daɗe da cire masa tallafi. A farkon 2022 lita tana wajen naira 300, yaƙin Rasha da Yukiren ya kai ta 800 a cikin 'yan watanni, bayan faɗuwar naira ta haura 1,500 a farkon 2024, kafin matatar Ɗangote ta fara sayarwa ta ɗan sauko da ita. Kafin wani ya sake zuwa da takardar alkawari, ga lissafin da kowa zai iya yi a bayan kwalin sigari. Da injin matsa na ƙauye, sai an matse kusan kilo huɗu na iri kafin a samu lita ɗaya. Tanka ɗaya cikin waɗanda ke kwana a Tafa tana ɗaukar lita 33,000, wato tan 132 na iri ke nan. Ko an yi sa'a kowace hekta ta ba da tan guda, sai an girbe hekta 132 shekara cur kafin a cika tanka ɗaya tak, ban da kuɗin metanol, wanda galibi daga waje ake shigo da shi. Ƙirga tankokin da ke wucewa a dare ɗaya, ka ga ko ƙasar Tafa gaba ɗaya za ta iya.

Juya lissafin ta ɗaya gefen kuma. Gona mai hekta ɗaya kewayenta mita 400 ne. A ƙiyasin aikin Mali, mita ɗaya ta shingen da ya girma takan ba da abin da ya kusa kilo guda na iri a shekara. Ko an rage, ana maganar lita sittin zuwa tamanin daga bakin gona, ba a taɓa kunya ɗaya ta doya ko dawa ba. Gonaki ashirin sun isa su rage wa mai niƙan unguwa sayen gas na watanni, tsohon Lista kuma ba ya bukatar metanol, tacewa da ɗumamawa ko sirki sun ishe shi. Bini da zugu ba zai ja tirela zuwa Kano ba, amma zai iya niƙa masara a Ijah.

Kirana ga ƙaramar hukumar Tafa da malaman injiniya na jami'ar fasaha ta Minna shi ne su sauko da binciken daga kabad: ƙauye ɗaya, injin matsa ɗaya, injin niƙa ɗaya, ƙungiyar mata ɗaya, a auna iri da mai da kuɗi na shekara uku a faɗa wa mutane abin da aka samu, ko daɗi ko ɗaci. Manomi kuma, duk wanda ya zo ya ce ka tuge abincinka ka dasa masa wannan itace fili guda, tambaye shi wa zai saya, nawa, kuma a rubuce. Idan ka tara irin a gida, ka sa shi inda hannun yara ba ya kai. Yana da gardi kamar gyaɗa, kuma ƙwaya kaɗan sun isa su kwantar da yaro da amai da gudawa.